Bayan Faifai



Duk wanda ya shiga motar haya da yamma daga Wuse zuwa Nyanya ko Kubwa ya san yadda direba ke yi da waƙa a yanzu. Waya ce maƙale a gaban mota, mawaƙi bai kai baiti na biyu ba an dangwale shi an wuce. Manya a cikinmu kuwa sun ga zamanin da waƙa take da gaba da baya, kamar kwabo. A kan wannan bayan za mu tsaya yau.

A 1949 kamfanin RCA Victor na Amurka ya fito da ƙaramin faifai mai faɗin inci 7, wanda ke juyawa sau 45 a minti guda. Kowace fuska waƙa ɗaya take ɗauka. Fuskar farko ita ce hajar kamfani: a kanta ake zuba kuɗi, ita ake kai wa gidajen rediyo. Ta biyun kuwa, tun da ba a sayar da faifai da baya fayau, sai a cike ta da abin da ya samu. Gyara ce, irin wadda mai gyaɗa ke ƙara maka bayan ya gama awo. To da yake idon attajiri ba ya kanta, a nan mawaƙi yake samun sarari ya yi abin da ransa ke so.

Maƙwabtanmu na Kamaru suna da labarin da ya fi kowanne nuna haka. A 1972 su ne suka karɓi baƙuncin gasar cin Kofin Afirka karo na 8, Manu Dibango kuma ya yi wa gasar waƙar takenta. Da aka zo buga faifai, sai ya sa wani kiɗan nasa a baya, mai suna Soul Makossa. Kongo ta fitar da Kamaru a wasan kusa da na ƙarshe, ta kuma doke Mali ta ɗauki kofin, zuciyar masu masauki ta ɓaci, waƙar gasa ta bi ruwa. Faifan kuwa ya yi tafiyarsa har wani shago a Brooklyn. Can wani mai haɗa kiɗa, David Mancuso, ya tsince shi, ya juya baya. Daga hannunsa Frankie Crocker na rediyon WBLS a New York ya ɗauka ya riƙa sakawa, mutane suka yi ta neman faifan da ba ya kasuwa, har kamfanin Atlantic ya sayi izinin buga shi. A 1973 kiɗan ya shiga jerin waƙoƙi 40 da suka fi tashe a Amurka. Shekara goma da fitowarsa Michael Jackson ya ari amshinsa a kundin Thriller, magana ta kai ga lauyoyi, aka sasanta da kuɗi. Waƙar gasar fa, wa ke tuna ta?

Sunan bayan faifai ma ya daɗe fiye da faifan. A Ostireliya, a 1994, wasu yara uku daga garin Newcastle, 'yan kimanin shekara 15, suka ci gasar sababbin mawaƙa da tashar talabijin ta SBS ta shirya tare da rediyon matasa na Triple J. Su ne Silverchair. Waƙarsu Tomorrow ta yi mako shida a saman jerin ƙasar. A faifan CD ta fito, mai fuska ɗaya tak, amma waƙoƙi ukun da suka rako ta 'yan baya ake kiran su, kuma daga bisani aka tattara irinsu aka yi musu kundi na kansu.

Mu a ƙasar Hausa labarin ya ɗan sha bamban. An buga fayafayen mawaƙanmu, ba shakka. A lokacin EMI da Decca suna Legas, kamfanin Tabansi ma a Kano ya fara kafin ya koma Kudu. Sai dai ƙaramin faifai ya yi wa waƙar Hausa kaɗan. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa yana iya ƙulle zance a 'yan mintuna, kamar yadda ya yi wa karen mota. Amma ka ce wa Alhaji Mamman Shata ya gama a minti huɗu? Lokacin nan masu kalangu suke ɗumama hannu. Waƙarsa Bakandamiya ba ta da tsawo guda, kowane wasa da yadda take fitowa, don Shata ba ya rubutawa. Sai da kaset ya zo, rabin awa gaba rabin awa baya, sannan mawaƙanmu suka samu wurin miƙe ƙafa. Shi ma kaset yana da horonsa: idan kana son waƙa ta uku, dole ka ji ta farko da ta biyu, ko ka zare shi ka nemi biro ka yi ta murzawa don kada batir ya ƙare. Da yawanmu a haka muka haddace waƙoƙin da ba don su muka saya ba.

Saboda haka bayan faifanmu na gaskiya ba a shago yake ba. Yana ɗakunan ajiya na gidajen rediyo. Tun da aka buɗe Rediyon Kaduna a 1962 ake naɗar makaɗan fada, na noma, na dambe, na 'yan tauri, na mata masu amada, waɗanda kasuwa ba ta taɓa waiwayar galibinsu ba. Zaren naɗi kuwa ba ya shiri da zafi, ko ƙurar hunturu, ko laimar damina. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Zaren da ya manne ko ya tsinke yau, babu wanda za a kira ya sake rerawa. Hedikwatar Rediyon Tarayya tana nan Area 10 a Garki, ma'aikatar da ke kula da al'adu ma a nan babban birnin tarayya take, don haka ba sai an yi doguwar tafiya ba kafin a sa hannu a takardar da za ta sa a mai da waɗannan muryoyi cikin kwamfuta.

Mu ma masu riƙe da makirufo sai mu duba kanmu. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta cika gidaje, ta kuma cancanta. Amma a cikin waɗanda suka taka rawarta, nawa ne suka zauna suka ji sauran waƙoƙinsa na wannan lokacin? Manhajar waya abin da ka riga ka so take ƙaro maka. Mai tura waƙa a kasuwar Wuse ko Dei-Dei abin da aka fi tambaya yake lodawa a memori, ba shi da laifi, abincinsa ke nan. Wanda ya rage da ikon cewa ku dakata ku ji wannan, shi ne mai gabatar da shiri. Idan shi ma waƙoƙi goman da ke yawo a TikTok zai yi ta maimaitawa daga safe zuwa dare, to me ya bambanta shi da wayar direban Nyanya?

Kwata guda a mako ya isa a fara: waƙa ta biyar a kundin Nura M. Inuwa, ko wani kiɗan garaya da aka naɗa kafin a haifi mai gabatarwa. Ku kuma da kuke da tsohuwar adaka a ƙuryar ɗaki, cike da kaset ɗin baba ko na kaka, kada ku bayar a zuba a bola lokacin sharar salla. Ku kaɗe ƙurar, ku karanta abin da aka rubuta da biro a ɗaya gefen.