Siririyar Laptop: Daɗin Ɗauka, Wuyar Gyara

A watan Janairun 2008, Steve Jobs ya hau dandamali a birnin San Francisco riƙe da ambulan irin wanda ake zuba takardun ofis. Ya buɗe bakinsa, ya zaro MacBook Air ta farko. Daga nan kamfanonin kwamfuta suka shiga tseren rage kauri. A 2011 Intel ya fito da tsarin da ya kira Ultrabook, daga baya Dell ya yi XPS 13, Lenovo ya yi ThinkPad X1 Carbon, Asus ya yi Zenbook, LG kuma ya yi Gram. MacBook Air mai inci 13 da ta fito a 2022 nauyinta kilo 1.24 ne, kaurinta bai kai santimita ɗaya da rabi ba.

Matashin da ya saba yin komai a waya, ranar da ya fara riƙe irin wannan kwamfuta, zai ji kamar ya san ta tun da daɗewa. Ana ɗaga murfinta take farkawa, ana yi mata caji da kebul irin na waya, ba ta ƙara, kuma tana shiga jaka ba tare da kafaɗa ta sani ba. Dalilin shi ne ta zama 'yar uwar waya a ƙira. Abin da yawancin masu saye ba sa lura da shi sai daga baya shi ne, ta gaji waya har a wajen rufewa: yadda aka saye ta haka za a zauna da ita, ba a ƙara mata komai, gyaranta kuma sai an shirya. Waya ana iya canza ta bayan shekara biyu. Kwamfutar da sabuwarta ke kai sama da naira miliyan ɗaya, ba kowa ke iya yi mata haka ba.

Batir ne ribar, ba sirantaka ba

Sirantaka ita ke jan ido a shago, amma bayan mako biyu mai ita ya daina ganinta. Abin da yake gode wa kullum shi ne batir. A watan Nuwamban 2020 Apple ya fito da firosesar M1, wadda aka gina a kan tsarin ARM, dangin wanda ke cikin wayoyi. Kamfanin ya ce MacBook Air mai ɗauke da ita na iya kai awa 18 tana nuna bidiyo. A aikin gaske, da Zoom da shafukan Chrome birjik da hasken sikirin a sama, ba ta kai haka, amma tana wuni ana aiki da ita. A 2024 ɓangaren Windows ya samu nasa da firosesar Snapdragon X ta Qualcomm, sunan da masu wayar Android suka sani sarai.

Ga wanda ke zaune inda wuta ba ta yankewa, wannan ƙarin jin daɗi ne kawai. Ga ɗalibi a Kano ko mai zanen hotunan talla a Gusau, shi ne bambancin gama aiki da barin sa rabi. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda babu wutar lantarki. Masu tsofaffin kwamfutocin da batirinsu ke riƙe awa biyu sun koma jiran janareta, ga fetur da tsada. Siririyar laptop kuwa caja mai watt 30 zuwa 65 ta ishe ta. Batirin MacBook Air mai inci 13 bai wuce watt-awa 50 da ɗoriya ba, fawa bank mai 20,000mAh kuma yana ɗauke da kusan 74, don haka zai iya cika ta kusan sau ɗaya, matuƙar yana da alamar PD kuma yana fitar da isasshen ƙarfi. Ƙaramar sola ta gida ma tana ɗaukar ta ba wahala. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa irin wannan kwamfuta ba kayan gayu ba ce kawai.

Zafi da ƙura

Firosesa mai ƙarfi tana fitar da zafi, siririn jiki kuma ba shi da wajen zubar da shi. Idan zafin ya kai wani mataki, kwamfutar da kanta take rage gudu don kada ta lalace. Mai haɗa bidiyo zai ga abin da idonsa: fitar da aiki ya fara da sauri, bayan 'yan mintoci ya koma tafiyar hawainiya, ƙasan kwamfutar kuma ba ya taɓuwa.

Apple ya rubuta a bayanan kwamfutocinsa cewa an yi su ne don aiki a yanayin da ke tsakanin digiri 10 da 35 a ma'aunin Selshiyos. A watan Afrilu, Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura 40. Masu gwajin kwamfuta a YouTube kuwa galibinsu a ɗaki mai sanyi suke ɗaukar bidiyonsu, don haka lambobin da suke nunawa ba su ne mai ɗaki ɗaya da rufin kwano zai gani da azahar ba.

Nan zaɓi biyu ne, kowanne da kuɗinsa. Marar fanka, irin MacBook Air, shiru take kuma ba ta zuƙar ƙura, amma ita ke saurin rage gudu a dogon aiki. Mai fanka tana jure aiki mai nauyi, sai dai duk hunturu tana shaƙar ƙurar da ke toshe mata hanyar iska, kuma in ba a buɗe an share ba, shekara ɗaya ta isa ta fara huci. Ɗora ta a kan katifa ko filo, abin da kusan kowa ke yi da daddare, yana toshe ramukan iskar gaba ɗaya.

Zafi yana cin batir ma. Batirin da ke zama cike taf a cikin zafi yana saurin tsufa, wani lokaci har ya kumbura ya turo wajen shafa yatsa sama. Shi ya sa Lenovo da Asus da Dell suka sa wa manhajojinsu hanyar tsayar da caji kafin ya cika, misali a kashi 80. Sai dai inda ba a san lokacin dawowar wuta ba, wa zai yarda ya bar kashi 20 a banza? Mai kwamfutar kan tsinci kansa tsakanin kare batirin shekara mai zuwa da gama aikin yau.

Ƙofofin da aka toshe

Don a rage kauri, an cire ƙofofi. MacBook mai inci 12 ta 2015 ƙofar USB-C ɗaya tak gare ta, ita ce ta caji, ita ce ta komai. Dell XPS 13 Plus ta 2022 tana da biyu, kuma babu wajen sa abin saurare na kunne. Amma filashin da ake kaiwa shagon buga takardu mai faffaɗan baki ne, majigin ɗakin lakca HDMI yake nema, firintar ofis tsohon kebul gare ta, mai ɗaukar hoton biki kuma katin SD yake cirowa daga kyamara. Dole sai an sayi adafta, a riƙa yawo da ita, kuma ranar da aka manta ta a gida ita ce ranar gabatar da aikin kammala karatu.

Apple da kansa ya ja da baya a 2021, ya dawo da HDMI da ƙofar katin SD a MacBook Pro. ThinkPad X1 Carbon kuwa, duk da rashin nauyinta, tana nan da tsohuwar ƙofar USB da HDMI. Wannan ya nuna cire ƙofofi ba dole ba ne, zaɓin masu ƙira ne, kuma mai saye yana da damar ƙin sa.

Abin da aka saya shi za a zauna da shi

Babbar matsalar tana ciki. An saba a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja mutum ya sayi laptop mai RAM 4GB, in kuɗi sun shigo ya dawo a ƙara masa. Kwamfutocin ofis irin HP EliteBook 840 an yi su da gurbi na musamman don haka. Wannan dabara ta lallaɓa rayuwa ba ta aiki a kan siririyar laptop. A mafi yawansu an liƙe RAM da dalma a jikin babban fanel. A kwamfutocin Apple masu firosesar M, RAM ɗin a haɗe yake da firosesar, ma'adanar MacBook Air ma a liƙe take. A yawancin na Windows ana iya canza SSD, amma RAM ya zauna ke nan.

Ke nan wanda ya sayi mai 8GB don ya rage kuɗi, ya yanke wa kansa hukuncin shekara biyar a rana ɗaya. Su kansu kamfanonin sun nuna inda aka dosa: Microsoft ya sa 16GB a matsayin mafi ƙarancin abin da kwamfuta za ta samu kafin a kira ta Copilot+ PC, Apple kuma a Oktoban 2024 ya mayar da 16GB mafarin MacBook Air. Masu 8GB ɗin da aka daina yayi a can, su ne ke sauka a kasuwannin Afirka ta Yamma da farashi mai jan hankali.

Haka gyara. Idan fanel ya ƙone, ko shayi ya zube a kan kibod, ma'adanar da ke liƙe tana iya tafiya da duk abin da ke cikinta: aikin digiri, hotunan kwastomomi, lissafin shago. Sikirin in ya fashe, sau da yawa murfin gaba ɗaya ake canzawa, kuma sai an jira a yo odarsa daga Legas ko ƙasar waje. Akwai darasi a kibod ɗin da Apple ya kira butterfly, wanda ya sa a kwamfutocinsa daga 2015 zuwa 2019 don rage kauri. 'Yar ƙura kaɗan kan maƙale masa harafi, har kamfanin ya amince a 2022 ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Waɗannan kwamfutoci suna nan a kasuwar na hannu, kyan ɗan maciji, ana sayar da su a garuruwan da ƙura ke rufe sama wata uku a shekara.

To a koma wa mai kauri?

Akwai masu cewa a bar gayu, a sayi tsohuwar kwamfutar ofis mai kauri wadda kowane mai gyara ya san cikinta. Ga wanda kuɗinsa ba su da yawa, wannan shawara ce mai kyau, domin mai kauri da 16GB ta fi siririya da 8GB amfani. Haka mai buga manyan wasanni ko ɗalibin injiniya: SolidWorks ba ta da sigar macOS, kwamfutocin Snapdragon kuma har yanzu wasu wasanni da tsofaffin firintoci ba sa tafiya da su. Irin waɗannan suna buƙatar fanka babba da wuta mai yawa, babu yadda za a yi.

Amma ga mai rubutu, mai koyon rubuta manhaja, mai zane, mai kasuwanci ta intanet, kwamfutar da ke mutuwa awa biyu bayan an ɗauke wuta ba ta da wani amfani komai sauƙin gyaranta. A nan siririyar ta yi nasara. Laifin ba na sirantakar ba ne, na rufe ta ne da aka yi. Kamfanin Framework ya nuna tun 2021 cewa ana iya yin laptop marar nauyi wadda mai ita zai kwance da sukundireba ɗaya ya canza RAM da batir da ƙofofi, sai dai ba ta cika samuwa a kasuwannin Najeriya da Nijar ba.

Kafin a miƙa kuɗi

Tunda ba a gyara kuskuren daga baya, duk binciken a shago ake yin sa. RAM kada ya gaza 16GB, ko da hakan na nufin ɗaukar ƙirar shekarar da ta gabata. A duba lafiyar batir: Mac tana nuna adadin zagayen cajin da ta yi, kuma Apple ya ƙiyasta wa batiran nata zagaye 1,000, a Windows kuma umarnin powercfg /batteryreport yana fito da ƙarfin batir na asali da wanda ya rage. Idan ta hannu ce, a sa mai shago ya goge ta ya sake kunnawa a haɗe da intanet, domin Mac da ke ɗaure da asusun iCloud na wani, ko kwamfutar da wani kamfani ya kulle, tana iya zama ƙarfe kawai. A ɓangaren Windows, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na neman firosesar Intel zubi na 8 zuwa sama. A kunna mata aiki mai nauyi na minti 20 a wurin, a ji zafinta da hannu. A lissafa kuɗin adafta, da caja ta asali, da ma'adanar waje ta ajiye kwafin aiki a cikin farashin tun farko.

Wanda ya yi wannan zai samu kwamfutar da za ta raka shi aji da ofis da tafiya shekaru masu yawa, tana aiki ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Wanda kuma ya ɗauke ta da hannu ɗaya a shago, ya ji ta shafal, ya biya ba tare da tambayar RAM nawa ne ba, zai ji amsar a wajen mai gyara, ranar da aka ce masa ba a iya ƙarawa.