Iskar Ozon: Gurɓatar da Ido Ba Ya Gani a Lokacin Bazara

A watan Afrilun da ya gabata wani manomin rani daga yankin Roni, mai fama da asma, ya yi mini tambaya: "Likita, hunturu ya wuce, hazo ya ɗauke, to me ya sa ƙirjina ke ɗaurewa kullum bayan azahar?" Na duba shi, na gyara masa yadda yake amfani da maganin shaƙa. Zafi kaɗai na iya jawo hakan, haka ma hayaƙin injin ban-ruwan da yake wuni kusa da shi. Amma akwai wani abu na uku da mu kanmu likitoci ba kasafai muke kawo shi a lissafi ba, wato iskar ozon.

Wataƙila mai karatu ya san ozon a matsayin rumfar da ke can ƙololuwar sama tana kare mu daga hasken rana mai cutar da fata, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987 domin ceto ta. Wannan mai amfani ce. Idan kuwa iskar ta samu a nan ƙasa inda muke numfashi, guba ce.

Babu salansar da ke fitar da ozon kai tsaye. Haɗuwa take yi a cikin iska idan hayaƙin mota, babur, janareta ko ƙonen daji ya cakuɗa da tururin fetur, sannan rana mai zafi ta dafa su. Shi ya sa take yin ƙasa da asuba, ta kai ƙololuwa tsakanin azahar da la'asar. Kayan haɗin kuwa duk muna da su: manyan motoci a hanyar Kano zuwa Daura da ta ratsa Kazaure, injinan ban-ruwa a fadamu, jarkokin 'yan bumburutu a buɗe cikin rana, da ƙonen sharar gona kafin saukar damina.

Abin da ya fi damuna shi ne, zama a karkara ba kariya ba ne. A tsakiyar birni sabon hayaƙin motoci yana cinye wani kaso na ozon, sai iska ta kwashi sauran hayaƙin ya ci gaba da dahuwa a hanya. Don haka sau da yawa ƙauyen da ke bayan birni ya fi birnin shaƙarta. Da bazara ta yi nisa iska kan juya ta taso daga kudu maso yamma, Babura kuwa tana arewa maso gabashin Kano ne. Ita ma ƙasar noma tana da nata kaso. Binciken AMMA da aka gudanar da jiragen sama daga Yamai a 2006 ya nuna cewa busasshiyar ƙasar Sahel, da zarar ruwa ya jiƙa ta, tana fitar da iskar da ke haifar da ozon.

A Turai da Amurka dokokin taƙaita hayaƙi sun rage ranakun da ozon ke yin tsanani. A ƙasashe masu zafi abin hawa yake yi. Rahoton kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce tun tsakiyar shekarun 1990 ozon a sashen sama mafi kusa da mu yana ƙaruwa da kashi 2 zuwa 12 cikin 100 duk shekara goma a yankuna masu zafi da aka auna. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta bar iyakarta a maikirogiram 100 cikin kowace kubik mita ta iska a tsawon awa 8, ta kuma ƙara sabuwar iyaka ta 60 ga watanni shidan da ozon ya fi yawa, saboda an gane cewa shaƙar kaɗan-kaɗan na dogon lokaci ma tana kisa. Rahoton State of Global Air na 2024 ya danganta mutuwar mutane kusan 490,000 a 2021 da ita, ta hanyar ciwon toshewar hanyoyin numfashi.

A jiki, ozon na ƙona fatar cikin hanyoyin numfashi. Mutum zai ji kaikayin maƙogwaro, busasshen tari, da zafin ƙirji idan ya ja dogon numfashi. Mai asma takan tasar masa. Yara, tsofaffi, 'yan acaɓa da manoma sun fi shiga haɗari, sai kuma iyayenmu mata da hayaƙin itacen girki ya riga ya gajiyar da huhunsu.

Shuka ma tana shaƙarta ta ƙofofin ganye. Alkama da wake da waken suya suna cikin masu saurin jin jiki, gero da dawa sun fi juriya. Ganye kan yi ɗigo-ɗigo ya tsufa da wuri, tsaba ta ƙi cika. Manomi zai ɗora laifin a kan taki ko ƙwari, ya ƙara kashe kuɗin feshi a banza.

Takunkumin da muke sawa lokacin hazo ƙura yake tarewa, ozon na ratsa shi. Abin da ke aiki shi ne sauya lokaci: mai asma ko tsohon tari ya yi aikin ƙarfi da sassafe, ya shiga ɗaki idan rana ta take, maganin shaƙarsa na aljihu. Makarantu su mayar da wasannin motsa jiki zuwa safiya. Wanda numfashi ya hana shi ƙarasa magana, ko leɓɓansa suka sauya launi, a garzaya da shi asibiti nan take.

Injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, wanda tsadar fetur tun 2023 ta sa manoma komawa gare shi, yana rage matsalar daga tushe. Sai dai na'urorin auna ozon ƙalilan ne a duk nahiyar Afirka. A ganina ya kamata gwamnatin Jigawa ta girka ko da guda biyu ne, ɗaya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ɗaya a Babura, a riƙa kwatanta sakamakonsu da adadin masu asma da ke zuwa asibitocin yankin daga Maris zuwa Yuni.