Kuɗin Goron Da Muke Yi Wa Indiyawa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, a gidan biki ne ko gidan suna ko wajen zubin adashi, musamman ma idan an ce ga wata Hajiya ta dawo daga Dubai da akwatuna. Da zarar an baje kaya an fara ɗaga sarƙa ana juyawa, sai ki ji wata ta ce, "Ai Ba'indiye ba abin yarda ba ne, in kin yi ciniki da shi ki sake ƙirga kuɗinki a gabansa." Wata kuma ta cafe, "Ga rowa, ga son banza, ga tsafi." Sai a kwashe da dariya a tafa. Har wadda ba ta taɓa wuce Kwanar Ɗangora ba, ita ma tana da nata labarin na yadda Indiyawa suke, wanda ta ji a wajen wadda ta ji a wajen wata.

To ni dai wannan magana ta ishe ni, kuma zan faɗi dalilina ko da za a ce na ci kuɗin Indiya. Zalunci ne da farko. Sannan kuma, abin da ba mu lura da shi ba, aljihunmu take ci.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu ne fa. Mu ne muka tashi da finafinan Indiya a tsakar gida, muna jiran a sa mana a talabijin muna zubar da hawaye saboda an raba wata da masoyinta. Mazanmu sun cika Plaza da Orion da El Dorado a Kano saboda Amitabh Bachchan da Dharmendra, har Sanjay Dutt aka raɗa wa suna Ɗan Daba Mai Lasin. Yau ma ga fassarar Hausa nan a kowace waya. Wato Ba'indiyen cikin akwatin talabijin shi ne mai kunya, mai biyayya ga uwa, mai riƙon alkawari, amma Ba'indiyen da ke tsaye a bayan kanta yana neman abincin 'ya'yansa shi ne ɓarawo. Haba jama'a! Da na fim da na gulmarmu, duk mu muka ƙera abinmu, babu wanda muka zauna muka sani.

Batun tsafi kuwa, kin tuna labarin nan da yara suke ba juna, wai an buga ƙwallo tsakanin Indiya da Najeriya suka ci mu 99 da 1, ƙwallon tana rikiɗewa ta zama zaki idan ta nufo raga? Ba a taɓa yin wannan wasa ba. Tatsuniya ce, amma ga shi har da masu furfura ana rantsuwa a kai.

Wai shin ma wane ne Ba'indiyen? A shekarar 2023 Indiya ta wuce Sin ta zama ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a duniya, mutum sama da biliyan 1.4. Harsuna 22 tsarin mulkinsu ya lissafa, ban da ɗaruruwan da ba a lissafa ba. Mutumin Kerala da ke can kudu da mutumin Punjab da ke arewa, in kowa ya yi yarensa ba za su ji juna ba, abincinsu daban, tufafinsu daban. Masu cewa duk saniya suke bauta wa, ƙidayar da aka yi a 2011 ta nuna Musulmi wajen miliyan 172 a ƙasar, wato sun fi Musulmin Najeriya yawa nesa ba kusa ba, ga Kiristoci ga masu addinin Sikh masu naɗa rawani. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin waɗanda muke kira Indiyawa a kasuwannin Deira ko a shagunan Makka da Madina ba su ma taɓa riƙe fasfon Indiya ba. Wani ɗan Pakistan ne, wani ɗan Bangladesh, wani Nepal, wani Sri Lanka. Mu dai da mun ga baƙin gashi mai santsi da girgiza kai, shi ke nan an gama shari'a.

Ba mu kaɗai ke yi musu haka ba, duniya ma ta sa su a gaba, tun da suka samu kuɗi suka fara fita yawon buɗe ido. A shekarar 2019 wani bidiyo ya zagaya duniya, na wasu iyali Indiyawa da ma'aikatan wani otal a tsibirin Bali na Indunusiya suka buɗe akwatunansu a bakin mota, aka yi ta zaro kayan ɗakin otal ɗin da suka kwaso. Abin kunya ne, babu mai musu, kuma Indiyawan kansu su ne suka fi kowa yin tir da shi. A shekarar nan dai aka ga takardar da wani otal a Suwizalan ya rubuta musamman don baƙi Indiyawa, yana ja musu kunne kada su kwashi abincin karin kumallo su fita da shi, kada su ɗaga murya a baranda. Ki duba fa, ba a rubuta wa dukkan baƙi ba, su kaɗai aka ware. Likitar da ta tara kuɗinta shekara da shekaru ta kawo tsohuwarta ta ga dusar ƙanƙara, ita ma a ɗakinta za a ajiye mata wannan takarda, alhali ko cokali ba ta taɓa ɗauka ba. Gida ɗaya ya yi laifi, an shafa wa mutum biliyan kashin kaji.

To ke da kike dariya, ba ki ji a jikinki ba? Wace ce a cikinmu ta je Saudiyya ba ta ji yadda ake furta kalmar "takari" ba, da irin kallon da ke biyo bayanta? Wane ne ya riƙe koren fasfo ya tsaya a layi a filin jirgin sama na wata ƙasa, bai ga an ja shi gefe an zazzage masa jaka ba, saboda wasu 'yan 419 da bai taɓa gani ba? A watan Oktoba na 2022 Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, ba a buɗe ba sai Yulin 2024. Kusan shekara biyu Hajiyoyin da ba su ci nanin ba nanin ta ci su, jari ya karye, masu kaya suka yi ta sintiri a ƙofar gida. A lokacin kowa cewa yake ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, ai wake ɗaya ne ya ɓata gari. Daidai ne. Amma me ya sa wannan adalcin da muke roƙa wa kanmu ba ma iya ba wani?

Na san abin da za a ce mini. Za a ce, "Ke Hajiya, su ɗin ƙaunarmu suke yi?" Ban ce ba. Akwai wariyar launin fata a Indiya, mai muni ma kuwa. A watan Maris na 2017, a Greater Noida kusa da Delhi, wani yaro ɗan gari ya rasu, aka baza jita-jitar wai 'yan Najeriya ne suka ba shi ƙwaya, sai gungun mutane suka far wa ɗalibanmu har cikin kantin zamani, suka yi musu jina-jina. Yaran nan karatu ya kai su, iyayensu suka sayar da gona da fili suka tura su. Amma ki tsaya ki duba abin da ya sa aka dake su. Wani ne ya zauna a majalisarsu ya ce ai duk baƙar fata dillalin ƙwaya ne, aka yi dariya aka tafa, kamar yadda muke yi a gidan biki. Ciwon ɗaya ne. Ba za ki tsine wa wanda ya yi wa ɗanki ba, sannan ki juya ki ɗauki irin sandarsa.

Za a kuma ce ai su ke turo mana ƙwayar da ke lalata mana yara. E, akwai masu yi. A watan Fabrairun 2025 BBC ta bankaɗo wani kamfanin magani na Mumbai da ke turo muguwar ƙwaya Afirka ta Yamma, kuma ya cancanci duk hukuncin da za a yi masa. Sai dai kwantena ba ta da ƙafa. Wa ya yi odar? Wa ya fito da ita daga tashar ruwa, wa ya raba ta unguwa-unguwa? Ba Kumar ba ne, sunansa irin namu ne, wataƙila ma shi aka ba kujerar gaba a ɗaurin auren da aka yi makon jiya. Sannan a 2009 hukumar NAFDAC ta kama jabun maganin zazzaɓin cizon sauro an rubuta a jiki an yi a Indiya, da aka bi diddigi ashe a Sin aka yi shi. Ko maƙaryacin ya san inda bakin mutane ya fi saurin zuwa.

Kuma kada mu manta da cewa ƙasar da muke zagi ita ce dai ake tara kuɗi a kai mahaifi dashen ƙoda ko aikin zuciya. A Daidaita Sahun da kike hawa zuwa asibiti, Bajaj ne ko TVS, daga can ya fito. Iyayenmu da yayyenmu da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980, ki tambaye su wa ya koya musu lissafi da kimiyya, da yawa za su ce miki wani malami ne Ba'indiye da matarsa mai sari.

Masu ganin magana ce kawai ta fatar baki, su tambayi Yuganda. A watan Agustan 1972 Idi Amin ya ba mutanen Asiya, akasarinsu 'yan asalin Indiya, kwana 90 su bar ƙasar, bisa cewa su ne ke tatsar arzikinta. Dubun dubatar mutane suka fita da 'yar jaka, wasu a nan aka haifi iyayensu. Aka raba shagunansu ga sojoji da 'yan kanzagi, aka cinye kayan da ke kan kanta, ba a san inda ake saro wani ba. Sukari da sabulu da gishiri suka zama sai wane da wane. Daga baya gwamnatin Museveni ce ta koma tana roƙonsu su dawo su karɓi dukiyarsu. Mu ma an yi mana a Gana a 1969, muka rama a 1983, har jaka ta samu suna.

Yanzu bari in zo kan aljihu, domin nan ne abin ya fi ci mini rai. Wa ke cin ribar wannan tsoro da aka cusa mana? Ejan ne, ɗan gida, mai jin Hausa. Wata maƙwabciyata ta kwashi adashinta ta haɗa da kuɗin mata huɗu, za ta sayo gwal na kayan auren 'ya'yansu. Tun daga filin jirgi wanda ya tare ta ya fara yi mata huɗuba: "Hajiya, kada ki kuskura ki yi magana da Indiyawan nan, yanka ki za su yi, ki bar ni da su." Ta ji daɗi, ga ɗan'uwa Allah Ya kawo. Shi ya zaɓi shago, shi ya yi ciniki da yaren da ba ta ji, shi ya karɓi rasit ya ce zai haɗa da takardun kago. Sai da aka zo sayar da sarƙa ɗaya a gida saboda wata lalura, maƙeri ya goga ya auna ya ce 18 ce, ita kuwa kuɗin 21 ta biya. Ko da rasit ɗin ya fito daga baya, 18 mai shago ya rubuta, kuma kuɗin 18 ya karɓa. Sauran yana aljihun ɗan'uwa, ban da kamashon da ya karɓa ta bayan fage. Amma har gobe in kin ji ana labarin a unguwa, cewa ake Ba'indiye ya cuci Hajiya.

Ba na cewa duk ejan haka yake, in na faɗi haka ai na yi abin da nake hanawa. Akwai masu amana, akwai kuma Ba'indiyen da zai yanke ki in ya ga ba ki san komai ba, kamar yadda wani ɗan Kwari zai sayar miki da atamfar Sin da sunan Holan yana rantsuwa. Ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne. Yawan cinikin da muke zarginsu da shi kuwa, mu da za mu yi rabin awa muna "albarka" a kan tumatirin naira ɗari biyu, wallahi ba mu da bakin magana.

Gwal ba ya buƙatar ki san ƙabilar mai shago. A Dubai farashin giram na ranar a bayyane yake a allo, kowane karat da nasa, wannan ba a ciniki a kansa. Abin da ake ciniki shi ne kuɗin ƙira, nan ne za ki ja ya ja. Ki juya sarƙar ki duba hatimin da ke jikin maɓallinta: 750 shi ne karat 18, 875 shi ne 21, 916 shi ne 22. In idonki ba ya gani ki ce a ba ki madubin da suke dubawa da shi, suna da shi a kan kanta. A ɗora a sikeli a gabanki, in akwai duwatsu a jiki ki tambaya ko an cire nauyinsu, kada ki sayi kwalba da kuɗin zinariya. A rubuta karat da nauyi da kuɗin ƙira a rasit, kuma rasit ɗin ya shiga jakarki ke, ba ta ɗan rakiya ba. Ke kuma da kike gida kika ba da saƙo, idan kaya ya iso ki nemi ganin takardar kafin ki fara guɗa. In Hausa kaɗai kike ji, ai akwai kalkuleta a kowane shago, ki danna naki ya danna nasa.