Shanyewar Jiki Ba Ta Jiran Likita

Da wuya a sami unguwa a ƙasar nan da babu wani dattijo ko wata uwa da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Ciwon yakan zo ne sa'anda gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini ga ƙwaƙwalwa, ko kuwa jijiyar ta fashe, yawanci saboda hawan jini. Wani bincike na 2006 ya ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen miliyan 1.9 ke mutuwa kowane minti. Allurar narkar da gudan jinin kuma, a ƙa'ida, cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa 'yan ƙalilan ne, mafi yawansu a manyan birane. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za mu horar da nas masu zurfin ilmi, mu ba su izinin riƙe wannan aiki.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A 1965, a Jami'ar Kolorado ta Amurka, wata malamar jinya Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka fara koya wa nas yadda za su duba marar lafiya, su gane ciwonsa, domin likitoci sun yi ƙaranci a karkara. A can, mai son wannan matsayi tilas ne ta fara samun digirin jinya da lasin aiki, ta ƙara digiri na biyu ko na uku, ta yi ɗaruruwan awoyi tana duba majinyata a ƙarƙashin ƙwararru, sa'annan ta ci jarrabawar ƙasa kafin jiharta ta ba ta izini.

A sashen masu shanyewar jiki, irin wannan nas takan tarbi majinyaci tun daga ƙofar asibiti. Takan tambayi lokacin da aka ga mutumin lafiya lau na ƙarshe, ta auna ƙarfin hannu da ƙafa da magana, ta aika a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa nan da nan, ta kuma shawarta da likita ko allurar ta dace. Bayan haka ita ce ke bin hawan jininsa kowace rana, ta shirya masa gashin jiki da motsa gaɓoɓi, ta koya wa iyali yadda za su hana ciwon dawowa.

Akwai shaida cewa hannun nas yana ceton rai. A 2011 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a sassa 19 na masu shanyewar jiki a jihar New South Wales ta Ostareliya. An ba nas rubutaccen tsari a kan abu uku: sauke zazzaɓi, daidaita sukari, da gwada haɗiya kafin a ba majinyaci abinci. Bayan kwana 90, kashi 42 cikin 100 ne suka mutu ko suka kasa kula da kansu inda aka bi tsarin, amma kashi 58 inda ba a bi ba. Waɗannan fa nas ne na kullum, balle a ce an ƙara masu ilmi.

Waɗansu za su ce ƙasar da ta cika da likitocin bogi ba ta bukatar ƙarin masu rubuta magani. Tsoronsu yana da tushe, gama allurar da ke ceton wanda jijiyarsa ta toshe tana iya kashe wanda tasa ta fashe. Domin wannan ne nake cewa kada a ba kowa matsayin saboda daɗewa a aiki ko sanayya. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta Nijeriya ta zauna da likitoci, a tsara karatun, a sa jarrabawa mai tsanani, a rubuta a doka abin da nas za ta yi da inda tilas ta kira likita. Rashin irin wannan doka shi ke ba 'yan bogi fili.

Mu ma a gida muna da namu aikin. Idan bakin mutum ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a lura da lokacin, a kai shi babban asibiti ba tare da jiran safiya ba. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu, gama yana iya shaƙewa. 'Ya'yanmu da ke makarantun jinya kuma, mu ƙarfafa su su ci gaba da karatu, domin majinyata suna bukatarsu.