Himeji na da mai gyara, Lugu fa?

Matafiyin da ya ziyarci fadar Himeji a ƙasar Japan yakan yi mamakin yadda ginin katako na shekarar 1609 yake tsaye har yau. Sirrin kuwa gyara ne. Daga 2009 zuwa 2015 an sake gyara rufinta da bangonta, bayan UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1993.

Ƙasar Arewa ba ta rasa abin nunawa ba. A Lugu ne Sarauniya Mangu ta yi fito-na-fito da rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Tun 2006 Nijar ta gabatar da sunan wurin a jerin share fage na UNESCO, amma har yanzu maganar ba ta wuce takarda ba.

Ɗan makarantar Kiyeshe ba ya bukatar jirgin sama kafin ya ga tarihinsa. Mota ɗaya ta isa. Wajibi ne hukumomin Dogon Dutsi da Tibiri su ware kuɗin kai ɗalibai Lugu, a kuma naɗi bayanan dattawan garin tun suna raye. Katako in ya ruɓe ana sauya shi. Dattijo in ya tafi, ya tafi da abin da ya sani.