Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shawara Ga Masu Son Hutu A Kan Ruwa

A 'yan shekarun nan ma'aikatan Abuja sun ɗanɗana daɗin shiga jirgin ruwa a tafkin Jabi, har waɗansu sun fara sha'awar su yi hutunsu na shekara a babban ruwa. Wannan niyya ce mai kyau, amma ya kamata a san Jabi ƙaramin tafki ne wanda ake hango gaɓarsa ta kowane gefe. Wanda ya ke son ganin tsibirai sai ya nufi tafkin Kainji, ko ta Bida da Mokwa zuwa Sabuwar Busa, ko kuwa ta Minna da Kontagora zuwa Yawuri. Tun kafin ya tashi, lalle ne ya binciki lafiyar hanya, gama 'yan bindiga sun sha tare matafiya a waɗansu sassa na Jihar Neja.

An gama gina madatsar Kainji a shekarar 1968, ruwan ya taru ya yi tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Tsohuwar Busa da garuruwa masu yawa suna ƙarƙashinsa, har da itatuwan da ba a sare ba. Waɗannan kututtura su ne babban abin tsoro, musamman a wurare marasa zurfi da ke kewaye da tsibirai irin su Foge. Tun ma kafin a yi madatsar, a duwatsun Busa ne jirgin Bature Mungo Park ya maƙale a 1806, shi kuwa ya halaka a nan.

Saboda haka abu na farko shi ne zaɓen lokaci. Kogin Kwara yakan kawo ruwa sau biyu: farin ruwa na daminar ƙasarmu, sa'an nan baƙin ruwa wanda ya ke tasowa daga duwatsun Gini, ya iso da sanyin hunturu. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akwai kusan mita 10, watau inda jirgi ya wuce lami lafiya a watan Janairu yana iya cin karo da kututture a Yuli. Daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi dacewa, sai dai a kula da hazo. Farkon damina kuwa lokacin guguwa ne, hadari yakan taso ba sallama.

Abu na biyu shi ne matuƙi. Gungawa da Sarkawa sun san inda tudun yashi ya ke, da inda dorina ta ke kwana. Baƙo ya nemi sarkin ruwa ya haɗa shi da amintaccen mutum, ya duba injin, ya tabbata akwai isasshen mai, da filafili, da doguwar sanda ta auna zurfi. A yi ciniki a gaɓa, a kuma faɗa wa wani inda aka nufa da lokacin dawowa.

Na uku, kada a yi lodi fiye da kima, kada a yi tafiyar dare, kowa kuma ya sa rigar ruwa, yaro da babba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda hedkwatarta ke Lokoja, ta haramta tafiyar dare. A watan Mayu na 2021 jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a Jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. A Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi suna komowa daga biki da dare.

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Magidancin da ya ɗauki iyalinsa zuwa hutu, amana ce ya ɗauka, hutun kuwa bai kammala ba sai ya komo da su gida lafiya. Allah ya kiyaye hanya.