Kafin Mu Ɗora Tanti Kan Motar Baba

Hutu ya gabato, wasu daga cikinmu kuma sun kamu da bidiyon YouTube na Turawan da ke ɗaga motar gida, su sa mata manyan tayoyi da tanti a rufi, su shiga daji su kwana. Sai ido ya koma kan Sienna ko Highlander ɗin Baba, tunda an rubuta mata AWD a baya.

To, mu bi a hankali. Ma'anar AWD ita ce injin na iya tura ƙarfi ga tayoyi huɗu in hanya ta yi santsi. Ba ta da giyar ƙarfi irin ta Hilux ko Land Cruiser, wadda ke jan mota a tsanake cikin taɓo da hawan dutse. Sienna kuma cikinta kusa yake da ƙasa, dutse ɗaya ya isa ya fasa kaskon man injin. Ɗaga ta ma ba kyauta ba ne: shaf ɗin tayoyi kan yi saurin lalacewa, tantin rufi kuwa kan kai kilo 50, ya sa mota tangaɗi a kwana. Wa zai yi wa Baba bayani?

Abin da za ta iya ba kaɗan ba ne. Za ta kai mu Yankari, mu yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, mu kwana cikin sansanin, ba gefen titi ba, a wannan zamani. Kuɗin ɗaga motar gara a sa su a tayoyi masu kyau, safaya da igiyar ja. Gashaka-Gumti da damina kuwa, a bar wa Hilux.